MALAMA ETSO 'YAR KANO, DA DARASIN ZANE DA MUKA YAR

Cikin hunturun da ya wuce aikin duba makarantu ya kai mu ƙasar Kura da Bunkure, inda ruwan Tiga ya mai da rani kamar damina. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Zariya daga Kano a wannan lokaci ya san abin da muke nufi. Ko'ina ƙasa ta bushe, hazo ya rufe gari, amma da ka kusa Kura sai ka ga alkama kore shar iyakar ganinka, ga albasa, ga masara, ga kuma tumatir jawur an jera kwando kwando a Kwanar Gafan ana jiran motocin Kudu.

Ran wata Alhamis muka shiga wata makarantar firamare a wannan yanki. Ba za mu faɗi sunanta ba, don abin da muka tarar ba laifinta ba ne ita kaɗai. A bangon ofishin hedimasta ga jadawali an liƙa, an rubuta cewa darasin ƙarshe na ran nan a aji huɗu zane ne. Da lokaci ya yi muka nufi ajin, sai muka iske ba kowa. Yara maza an aike su ɗebo ruwa, mata suna sharar fili. Muka tambayi malamin, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba takarda, ba launi, kuma ba a tambayarsa a jarrabawa. Ni kaina ba a koya mini shi sosai a kwaleji ba." Ba mu ga abin musu cikin maganarsa ba.

Muna fitowa sai muka hangi wata yarinya, ba ta fi shekara goma ba, ta ajiye tsintsiya ta tsuguna bayan aji tana zane a ƙasa da tsinke. Muka matsa muka duba. Ashe hanyar ruwan ƙauyensu ce ta zana. Ga babban kanal, ga ƙofar ƙarfe inda ake buɗe ruwa, ga ƙananan hanyoyi sun rarrabu zuwa gonaki, kowace da kibiya mai nuna inda ruwa ya dosa. Can ƙarshe ta yi wani ɗan fili ta kewaye shi. Muka ce, "Yarinya, wannan fa?" Ta ce, "Gonar babanmu ce. Ita ce ta ƙarshe, sai kowa ya sha ruwa ke isowa gare mu." Malamin ya ce yarinyar tana da kai, amma da wuya ta gama aji shida, zama uwarta na bukatarta wajen turara shinkafa da talla.

Tun daga ran nan muke ta tunanin wata mace da aka haifa a Kano shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, wadda zane ya zama sana'arta, koyar da shi kuma ya zama aikinta. Muna so mu ba masu karatu labarinta, musamman malaman makaranta da ma'aikatan ofis, don a san abin da ake asara duk ran da aka mai da darasin zane lokacin shara.

HAIHUWARTA DA KARATUNTA

Sunanta Clara Etso Ugbodaga, da ta yi aure aka ƙara mata Ngu. An haife ta a Kano cikin 1921, watau shekarar da aka fara Kwalejin Katsina, wadda ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello. Iyayenta mutanen ƙasar Edo ne, irin baƙin da Kano ta saba karɓa tun da. A zamanin nan ilmin boko na 'ya'ya mata bai ko tsiro ba a Arewa, don kuwa sai cikin 1930 aka buɗe makarantun mata na Gwamnati na fari a Kano da Katsina.

Da koyarwa ta fara. Daga 1945 zuwa 1950 malama ce a makarantun mishan. Cikin 1950 Gwamnati ta ba ta sukolashif, ta tafi Ingila ta shiga makarantar koyon zane ta Chelsea a birnin Landan, ta sami difloma cikin 1954. Da wani ne, da takardar nan ya juyo gida. Ita kuwa sai ta ƙara shekara guda a sashen horon malamai na Jami'ar Landan, ta sami takardar shaidar malamin zane cikin 1955. Wannan shi ne abu na fari da muke so malamai su lura da shi. Iya abu daban, iya koyar da shi daban, ita kuwa ba ta yarda ta tsaya gaban ɗalibai ba sai da ta haɗa duka biyu.

AIKINTA A ZARIYA

A shekarar da ta komo, watau 1955, aka ɗauke sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Badun aka kawo shi Zariya. Wannan kwaleji ita ce aka gina Jami'ar Ahmadu Bello a kanta cikin 1962. Malaman sashen Turawa ne, tsarin karatun ma daga Ingila aka kwaso shi. Malama Etso ce 'yar ƙasa ta fari da aka ɗauka koyarwa a wurin. Mai karatu ya auna wannan da kansa: mace, baƙar fata, shekara biyar kafin mulkin kai, tana tsaye gaban samari tana gyara musu riƙon burushi, tana zama taron malamai tare da Turawa.

Samarin da suka yi karatu a zamaninta ba ƙananan mutane suka zama ba. Akwai Uche Okeke, wanda daga baya ya shugabanci sashen zane a Jami'ar Nsukka. Akwai Yusuf Grillo, wanda ya daɗe yana shugabantar sashen zane a Kwalejin Yaba a Ikko, aka kuma san shi da son shuɗin launi. Akwai Bruce Onobrakpeya, gwanin zanen da ake bugawa a takarda. Akwai Demas Nwoko, wanda ya shahara wajen tsara gine-gine har aka ba shi babbar lambar girma a birnin Banis na Italiya cikin 2023. Akwai kuma Jimo Akolo, wanda ya zana mahayan Fulani da makaɗan Hausa, ya kuma yi shekaru yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello.

Cikin 1958 waɗansu daga cikin ɗaliban nan suka kafa wata ƙungiya tasu ta masu zane. Abin da ya dame su shi ne, ana koya musu yadda ake zane a Turai, amma ba a ce musu kome game da fasahar iyayensu. Suka yi shawara kowa ya riƙe abin da ya koya wurin Bature, sa'an nan ya koma gida ya nemi adon kakanninsa ya haɗa. Okeke, alal misali, ya koma ga zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Ɗaliban ne suka kafa abinsu, ba ita ba. Amma ba ƙaramin ƙarfin guiwa ba ne ga yaro ya ga ɗan ƙasarsa, balle mace, ya riga ya kai inda shi yake fata.

ABIN DA TA ZANA

Koyarwa ba ta hana ta aikin hannunta ba. Cikin 1958 aka yi nunin zane-zanenta ita kaɗai a Landan, abin da ba a taɓa yi wa wata 'yar Nijeriya ba kafin ita. In ka dubi sunayen ayyukanta ka ga inda hankalinta yake. Cikin 1961 ta zana matan kasuwa. Cikin 1963 ta zana mabarata, ta kuma zana mai sayar da bammi na ƙasar Yarabawa. Ba ta je neman sarakuna da fadoji ba, talakawan da take gani a titi su ta ɗauka, ta nuna cewa su ma sun isa a tsaya a dube su. Tana kuma da wani aiki na 1960 wanda ta gina da launi da siffofi kawai, ba labarin kowa a ciki.

Ta auri Dokta Victor Anomah Ngu, likitan fiɗa mutumin Kamaru, wanda ya yi shugabancin Jami'ar Yawunde, daga baya ya zama Ministan Lafiya na ƙasarsu. Shekaru suka yi ta wucewa, sunayen ɗalibanta suka cika duniya, nata kuwa sai masana kaɗai ke ambatonsa. Haka sha'anin malanta yake. Mai wucewa ta Kadawa alkama yake yabo, ba ya tuna kanal. Duk da haka aikin kirki ba ya ɓata. Zanen nan na mai sayar da bammi yana ajiye a Jami'ar Hampton ta Amurka, kuma cikin Oktoba 2025, da babban gidan nunin zane na Tate Modern a Landan ya tara ayyukan manyan masu zane na Nijeriya, aka rataye nata tare da na ɗalibanta.

WATA MALAMA A AMURKA

Tun da zance ya kai mu Amurka, bari mu kawo labarin wata malama ta can, don rayuwarta ta fi kama da ta malamanmu na firamare. Sunanta Alma Thomas, baƙar fata ce, an haife ta cikin 1891 a garin Columbus na Jihar Jojiya, inda a zamanin nan wariyar launi ta tsananta, ilmin baƙar fata kuma bai wuce cikin cokali ba. Cikin 1907 iyayenta suka ƙaura zuwa birnin Washinton don 'ya'yansu su sami karatu. Cikin 1924 ta zama mutum na fari da ya gama sashen zane na Jami'ar Howard. Daga nan ta kama koyarwa a wata makarantar yara baƙar fata mai suna Shaw, ta yi shekara 35 a wurin, har ta yi ritaya cikin 1960. A tsakanin nan ba ta daina neman ilmi ba, ta sami digiri na biyu a Jami'ar Columbia cikin 1934.

Sai da ta bar aji, tana kusa da shekara 70, ga ciwon gaɓoɓi, sa'an nan ta sami sukunin zama ta yi nata zanen. Me ta zana? Akwai wata itaciya a bakin tagar ɗakinta. Ta riƙa kallon yadda haske ke ratsa ganyenta, da yadda iska ke kaɗa furanni a lambu, sai ta riƙa ɗiga launi guntu guntu, layi bayan layi ko da'ira cikin da'ira, kamar mai jera tsakiya. Da Amurkawa suka sauka a wata cikin 1969, ta zana duniya yadda take zato ana hango ta daga sama. Cikin 1972, tana da shekara 80, gidan nunin zane na Whitney a birnin Niyok ya yi nunin ayyukanta ita kaɗai, ita ce mace baƙar fata ta fari da aka yi wa haka a wurin. Ta rasu cikin 1978. Cikin 2015 aka rataye wani zanenta a fadar Shugaban Amurka. Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Malamin da ke ganin ya tsufa a ƙauye ba wanda ya san da shi, ya tuna da wannan tsohuwa.

AMSA GA MAI TAMBAYA

Mun san abin da wani zai ce. Zai ce waɗannan mata biyu ba Hausawa ba ne, ba Musulmi ba ne, mu kuwa malamanmu sun yi magana a kan zana abu mai rai. Gaskiya ne, kuma hukuncin wannan mas'ala mun bar wa masu shi, ba ma tilasta wa yaro ko uba abin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba. Amma filin zane ya fi haka faɗi ƙwarai. Ayyukan da suka sa aka san Alma Thomas, babu mutum ko dabba a cikinsu, ganye ne da fure da haske. Mu kanmu ai tun kafin zuwan Turawa muke zane. Wa ya yi zayyanar allon sauka? Wa ya ƙawata gefen Alƙur'ani rubutun hannu da ja da rawaya? Wa ya tsara aska takwas a gaban riga, da dagi a fuskar soro a Zariya da Kano? Wa ke sa wa amarya lalle, wa ke sassaƙa ƙwarya, wa ke ɗinkin hula? Rabin waɗannan aikin mata ne. Koyarwar mata kuwa ba baƙuwa ba ce gare mu, tun da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu cikin 1864, ta riƙa aika jajinta ƙauyuka suna karantar da mata 'yan'uwansu.

Kura ma ita ce garin da bai kamata a yi wa wa'azin launi ba. Da rini aka san ta. Marinanta suka tsoma turkuɗi a baba har ya yi baƙi wulik, masu bugu suka buge shi da shuni har ya yi ƙyalli, fatake suka kai shi Agadas da cikin Sahara, inda Buzaye ke ba da dukiya mai yawa don su naɗa shi. Rawani ɗan Kura sunansa ya isa. Marini yana duban ruwan karofi ya san ko ya nuna, ba ma'auni a hannunsa sai ido. To, wannan idon shi darasin zane ke raino. Ko Ɗan Hausa, da ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano cikin 1909, bai bar sana'ar hannu a waje ba, ya yi mata sashe nata.

Sa'an nan a dubi ruwan da ake noma da shi. An gama madatsar Tiga cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Kafin a sa magirbi ko katafila a ƙasa, sai da safiyo ya auna, mai zane ya zauna ya fitar da kowace hanyar ruwa a takarda, da gangararta, da faɗinta, da inda za ta rabu. Ruwa ba ya hawa tudu, in layi ɗaya ya karkace a takarda sai gonaki da yawa su kwana da ƙishi. Magini, da tela, da kafinta, da malamin gona, da malamar asibiti mai nuna wa mata yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, duk suna bukatar hannu mai iya fitar da abin da ke cikin kai a gani. Yarinyar nan ta bayan aji, abin da injiniya ke yi shi take yi, sai dai nata da tsinke.

ABIN DA MUKE ROƘO

Na fari, ga hedimastoci. Darasin da aka rubuta a jadawali amana ce. A yi shara da safe kafin ƙararrawa, a bar wa zane lokacinsa, ko da rabin sa'a ne a mako.

Na biyu, ga malaman aji. Rashin kaya ba hujja ba ce a ƙasar Kura. Ga gawayi a kowane murhu. Ga jar ƙasa da farar ƙasa. Ga shuni wurin marina, ga karan dafi mai ba da ja, ga gangamau mai ba da rawaya, ga ƙaro a jiƙa a haɗa don launi ya kama. Asuwaki in an tauna bakinsa ya zama burushi, tsohon kwali da bayan takardar siminti sun zama abin zane. Kada malami ya zana mangwaro a allo ya ce kowa ya kwafa. A kawo zangarniyar alkama aji, a ce su duba su ƙirga su zana. A fita da su bakin kanal su zana ƙofar ruwa. A ce kowa ya zana hanya daga gidansu zuwa makaranta. Da haka lissafi da labarin ƙasa da aikin gona za su shigo da kansu, gani kuwa ya kori ji.

Na uku, ga kwalejojin horon malamai, kuma nan laifin ya taɓa mu. Malamin da ya ce ba a koya masa ba, mu muka yaye shi. Bai kamata a ba ɗalibi takardar shaidar malanta ba sai ya iya tsayawa gaban allo ya fitar da taswirar gundumarsa, da tsiro tun daga saiwa har fure. Malama Etso ta ba da shekara guda cur don koyon koyarwa bayan ta riga ta ƙware. Mu ma sai mu ba abin lokacinsa.

Na huɗu, ga ma'aikatan ƙananan hukumomi, magadan ofisoshin En'e na da. In an zo tsara kuɗin ilmi a tuna da takarda da fensir, ba su kai kuɗin fentin ofis ɗaya ba. A nemi marini, da magini, da mai ɗinkin hula, da mai lalle, su riƙa zuwa makaranta ko sau ɗaya a zango su nuna wa yara aikinsu, a sallame su da ɗan abin goro. In shekara ta kewayo a tara zanen yara a Kura ko Bunkure, a gayyaci hakimi da dagatai da iyaye su zo kallo. Uban da ya ga an rataye aikin 'yarsa ana nunawa da hannu, zai yi tunani sau biyu kafin ya cire ta.

Na biyar, ga iyaye. Mun san aikin shinkafa na kawo kuɗi, mun kuma san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba mu ce kada yarinya ta taimaki uwarta ba. A bar ta dai ta je makaranta da safe, ta yi aikin gida da yamma, ta gama abin da ta fara. Icce tun yana ɗanye akan tanƙwara shi.

Kafin mu bar makarantar nan mun ba yarinyar littafin rubutu guda da fensir biyu, muka ce ta mai da taswirarta a takarda kafin a share fili. Hedimasta ya yi mana alkawari zai liƙa ta a ofis kusa da jadawali, zai kuma je ya ga ubanta. In Allah ya kai mu zangon gaba za mu koma, kuma ran Alhamis za mu je, darasin ƙarshe. Malaman sauran makarantu su ma su sa ido, don ba mu faɗi wadda za mu fara shiga ba. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar yaran da aka damƙa mana, amin.